Wasiƙa Zuwa Karaye Kan Kuɗin Nokawut

Babana,

Ina fata kana lafiya, kai da Hajiya Kaka da sauran mutanen gida. Ya ibada? An ce mini bana ka daina azumin rabin rana, kana kai shi har magariba. Allah ya yi maka albarka.

Saƙonka ya iso ta bakin kawunka: takalmi, hula, da kuɗin nokawut. Takalmi da hula suna cikin ledar da zai kawo maka. Kuɗin nokawut ne babu, kuma ba mantuwa na yi ba. Da na so sai in ce maka a'a ta waya in kashe, amma ka wuce shekarun da za a hana ka abu ba a gaya maka dalili ba.

Ba zan ce maka abin ba daɗi ba, don ka san ƙarya ce. Ka ƙyasta, ka jefa, kowa ya toshe kunne, ya tashi tau, 'yan mata su watse da ihu, kaji su haye katanga. Mu ma a zamaninmu mun yi tamu bindigar da kan ashana, ƙararta ba ta wuce ƙofar zaure. Wannan da ake kawo muku yanzu albarushi ne sosai aka naɗe a takarda, irin wanda mutanen Sin suka gano fiye da shekara dubu da ta wuce: gawayi, farar wuta, da wani irin gishiri mai rura wuta. Yawancinsa daga can yake fitowa, ya sha teku, ya kwana a sito a Legas, ya sha zafin mota zuwa Kano, sannan ya zauna a faranti cikin rana. Shi ya sa ba ya da alƙawari. Wani ya tashi tun bai bar hannu ba, wani ya yi shiru kamar ya mutu.

Wanda ya yi shirun nan shi na fi tsoro. A unguwar da nake zaune akwai wani yaro, bai fi ka da komai ba. Ya jefa bai tashi ba, ya ga kuɗinsa zai tafi a banza, ya je ya ɗauko ya kawo kusa da fuska yana hura shi. Ni na riƙe shi a bayan babur zuwa asibiti, hannun a naɗe cikin ɗankwalin uwarsa. Bai yi kuka ba a hanya, tambaya ɗaya yake ta yi, ko babansa zai dake shi. Yanzu da hagu yake koyon rubutu.

Ka kuma duba lokacin da sallar nan take faɗowa a shekarun nan: tsakiyar rani. Fita bayan gida ka kalla. Dannin kara ya bushe ƙayau, harawar da kawunka ya ɗora a kan rumfa ta bushe, ga rumbun dawa da jinkarsa. Tartsatsi ɗaya ya isa, iska ta ƙarasa sauran. Ga ruwan Challawa kusa da mu, an tare shi tun 1992, amma in rumbu ya kama da bokiti ake ɗauko ruwa daga rijiya, kuma kafin motar kashe gobara ta iso daga inda take, abincin shekara ya zama toka. Ko manyan birane ba su tsira ba. Ranar 26 ga Disamba 2012 wani sito da aka cika da irin kayan nan ya kama a kasuwar Jankara ta Legas, mutum ɗaya ya rasu, gommai suka ji rauni, gine-gine suka ƙone.

Amma babban dalilina ba yatsa ba ne, ba rumbu ba ne. Kunnen mutane ne.

Ba a haife ka ba ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012. Ina cikin Kano. Bayan la'asar bama-bamai suka fara tashi, a Bompai da wasu wurare, aka kashe fiye da mutum 180. Watanni bayan nan, in tayar mota ta fashe a Kantin Kwari sai ka ga manya da gemu sun bar takalma. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Mu a birni mun ɗan warke. Ku ne yanzu kuke kwana da kunne ɗaya a buɗe. Gwaggonka da ke Rogo tana bakin iyaka, nan Katsina nan Kaduna, kuma ka ji labarin abin da 'yan bindiga suka yi a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a ƙarshen 2025. Mutumin Zarewa ko Fulatan in ya ji ƙara da tsakar dare, ba ya tsayawa tambayar ko yara ne. Uwa ta suri jariri ta yi gonar rake. Tsoho mai hawan jini ya zabura daga barci. 'Yan sintiri su ɗau abin da ke hannunsu su nufi inda ƙarar ta fito, a cikin duhu, kai kuma kana can kana dariya da ashana a hannu.

Akwai wanda ya fi wannan muni. In yara suka yi ta fasawa dare da rana har kowa ya saba, ranar da ta gasken ta tashi sai mutane su juya a kan tabarma su ce yaran nan ne.

Na san abin da za ka ce, don kawunka ya riga ya kawo mini shi: ai kowa yana yi, 'yan sanda ma suna gani. Gaskiya ne, kuma yana ba ni haushi fiye da yadda kake zato. Duk shekara, dab da sallah, dab da Kirsimeti da sabuwar shekara, rundunar 'yan sandan Kano tana fitar da sanarwa. Kakakinta Abdullahi Haruna Kiyawa ya faɗa a rediyo, ya sa a Facebook: an hana nokawut, an hana kilisa, an hana tseren mota. Mu ji, mu gyaɗa kai. Washegari ka shiga kasuwa ka tarar da shi a faranti kusa da alewa da balan-balan. Na taɓa tsayawa sayen dabino a wani wuri, ga motar sintiri a ajiye, ga mai farantin bai fi taku goma ba, yana ba wani yaro canji. Babu wanda ya kalli wani.

Abin mamakin, hukumar nan ce ta tsayar da hawan sallah na Kano a 2024 da 2025, da dawakansa da hakimansa da komai. To me ya sa farantin nokawut ya gagare ta? Ni dai abin da na gani, hawa ƙofa ɗaya gare shi, in an je an ƙwanƙwasa ta magana ta ƙare. Nokawut kuwa yana kowane lungu. Ɗan sanda nawa ne a Karaye da Rogo gaba ɗaya, ga ƙauyuka daga Yammedi har Beli, ga satar shanu, ga masu satar mutane? In ya kama yaro, kafin ya kai shi caji ofis an aiko daga gidan wane, ashe jikan wane ne, a yi haƙuri. Wannan uzuri ne na karɓa. Wanda ban karɓa ba shi ne na sama. Kayan nan ba a gona suke tsirowa ba. A kwali suke shigowa, ta tashar jirgin ruwa, su wuce shingayen bincike tun daga Legas, su sauka a shagon dila. Can ne ƙofar take ɗaya, kuma can ne ban cika jin an je ba. Bin yaro ɗan shekara goma a lungu aikin banza ne in an bar mai kwali ɗari yana barci.

Mu iyaye ma da namu. Barka da sallar da muke miƙa wa yara ita ce jarin mai faranti. Mai unguwa zai iya kiransa ya ce kar ya kasa a unguwar nan, liman zai iya faɗa bayan tarawihi, kuma a garinmu maganar waɗannan biyun ta fi takardar 'yan sanda saurin isa kunne. Na yi wa mai unguwarku waya jiya. Ban ambaci sunanka ba, kar ka damu.

Abokanka za su yi maka dariya, wataƙila su ce babanka ya zama ɗan birni matsoraci. Ka bar su. In sun kunna, ka ja da baya, ka ja ƙannenka. In wani ya ƙi tashi, kar ka taɓa, kar ka bari wani ya taɓa, a kwara masa ruwa daga nesa. In wani ya ƙone, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi na tsawon lokaci a tafi asibiti. Kar a shafa man goge baki, kar a fasa ƙwai, ko da Hajiya Kaka ce ta ce a yi. Ka ce ni na faɗa, ni da ita za mu ƙarasa.

In Allah ya kai mu zan iso jajibere. In an bar hawa bana, zan kai ka ƙofar fadar Sarkin Karaye ka ga 'yan bindigar sarki. Su ma albarushi ne, ƙararsu ta ninka ta nokawut, amma da rana tsaka ne, gari ya san da su, kuma bakin bindigar sama yake kallo. Kuɗin da ka nema na ba kawunka ya ƙara a kan ɗinkinka, a yi maka aiki a wuya. Ka je wurin tela da kanka ya sake gwada ka, an ce ka yi tsawo.

In za ku Rogo gaida Gwaggo, ka ce ina jiran mazarƙwailata. Ka gaida Hajiya Kaka, ka riƙa ɗebo mata ruwan alwala ba sai ta kira ba.

Naka,
Baba