Dara ta hau tebur

Dara ba ta taɓa neman kafinta ba. Tafin hannu ya share rairayi, yatsa ya tona gurbi talatin, layi biyar na shida-shida. Wannan ya karyo kara goma sha biyu, wancan ya tsinto tsakuwa goma sha biyu. Wanda ya jera ƴaƴansa uku a layi ɗaya, ya ci ɗan abokin karawarsa. Sai dai a Maraɗi da Damagaram siminti yana ta cinye tsakar gida da dandali. Dattijon da ya ƙware ya rasa inda zai tona, jikansa kuwa idonsa yana kan salula.

Don haka kafintan da ya sassaƙa gurabun nan a fuskar tebur, musamman na icen ƙirya mai jure shekaru, ya yi abin yabo. Amma akwai tarko. Idan ya ɗora gilashi bisa gurabun, ya miƙe ƙafafun tebur irin na ofis, to dara ta zama kayan ado a falon mai kuɗi, ana ajiye mata kofin shayi a ka. Wasan nan na tsugune ne, kuma rabin daɗinsa yana bakin ƴan kallo, masu ba da shawarar da ba a tambaye su ba.

Teburin da ya dace da ita gajere ne, bai wuce gwiwa ba, marar nauyi, yadda yaro zai ɗauke shi zuwa gindin bedi bayan la'asar, da ƴar aljihu a ƙasa inda tsakuwa ke kwana.