Ɗakin da na kama a gindin dutse a Maikunkele

Cikin makon nan mutum uku ne suka tambaye ni abu ɗaya, dukkansu sababbin shiga digiri na biyu a FUT Minna: wai da gaske ɗaki ya fi araha a Maikunkele, su zo? Amsar ba ta "e" ko "a'a" ba ce, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda tawa ta kasance, kowa ya auna da kansa. Rubutun da ɗan tsawo, ku yi haƙuri.

Na sauka Minna a Janairun 2024 da jaka ɗaya, da kwamfuta, da kuɗin da na tara lokacin bautar ƙasa, sai ɗan abin da Umma ta ƙara min bayan ta sayar da tumakinta biyu. Wannan kuɗin shi ne na makaranta, shi ne na haya, shi ne na ci. Babu mai biya min albashi, babu tallafin kowa. Duk wanda ya taho karatu da irin wannan kuɗin ya san yadda kowace naira take da nauyi a hannu.

Ga wanda bai san garin ba, jami'ar tana da harabobi biyu. Akwai tsohuwar da ke Bosso, akwai babbar da ke Gidan Kwano a kan hanyar Bida. Kusan kowa a ɗayan wuraren nan biyu yake neman ɗaki, ni ma can na fara. Kwana huɗu ina bin dillalai a rana, kowanne sai na biya shi kuɗin gani kafin ya buɗe min ƙofa. Ɗaki mai banɗaki a ciki mafi sauƙi da na samu a Bosso naira dubu 180 ne, ban da kuɗin dillali. A Gidan Kwano kuwa na ga wani da ko tabarmar sallah ba za ta shimfiɗu ba in ka sa katifa, ga kiɗa daga maƙwabta tun la'asar. Na yi lissafi na ga in na biya, abin da zai rage ba zai kai ni Sallah ƙarama ba.

Wani mai shayi ɗan Funtuwa ne ya ce min, "Malam, me zai hana ka leƙa Maikunkele?" Washegari na hau mota daga Bosso, muka bi hanyar Zungeru, muka wuce Tudun Fulani da Rafin Yashi, gidaje suka fara raguwa, gonaki da duwatsu suka fara bayyana. Maikunkele ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Bosso, kuma a nan filin jirgin saman Minna yake. Amma in ka bar bakin titi kaɗan, ƙauye ne sosai: rumbuna, kunyoyin doya, awaki, mata Gbagyi ɗauke da itace a kafaɗa maimakon a ka.

Ɗaki biyu aka nuna min. Na farko a bakin titi, bayan wani shagon gyaran babur, dubu 100, ga ƙarar manyan motoci dare da rana. Na biyu can ciki, tafiyar kamar minti goma sha biyar a ƙafa, a gindin wani dutse, dubu 80. Da na buɗe tagarsa sai iskar hunturu ta bugo ni, ga bishiyar mangwaro, ga shiru kamar a maƙabarta. Wallahi a take na hango kaina ina rubuta babi na biyu na bincikena a wurin. Ban tambayi ruwa ba, ban tambayi wuta ba, ban ko ciro waya na duba sabis ba. Na biya a ranar.

Da daddare na kira Umma, sai da na hau kan dutsen kafin kiran ya shiga. Wannan ya isa ya zama gargaɗi, amma ban kula ba. Da na ce mata a hanyar Zungeru nake, sai ta yi shiru. Can ta ce, "Ba hanyar nan ce ta Tegina da Kagara ba?" Ba ta manta ba. A Fabrairun 2021 aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Kagara, a ƙarshen Mayun shekarar kuma aka ɗebi yaran Islamiyya a Tegina, duk a rediyo ta ji. Na yi ta yi mata bayani cewa waɗancan garuruwan suna can gaba da Zungeru, a ƙaramar hukumar Rafi, ni kuma ina bakin Minna ne. Ta ce, "To, Allah ya tsare. Amma kullum bayan isha'i in ji muryarka." Daga ranar hawan dutse bayan isha'i ya zama min wajibi, ko ina so ko ba na so.

Watannin farko na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Doya da araha, barci ba mai tashinka. A Maris ɗin shekarar shugaban ƙasa ya zo Minna, aka sa wa filin jirgin sunan Bola Ahmed Tinubu, muka tsaya bakin titi muna kallon jerin motoci, har na riƙa yi wa abokaina na Bosso tsiya cewa mu ne 'yan unguwar manya.

Lissafi ne ya fara ba ni kunya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin mota bai sake zama wuri ɗaya ba. A lokacin ina kashe kusan naira 600 zuwa Bosso da dawowa, sau huɗu a mako. Ku buga da kanku: 2,400 a mako, a mako 40 ya zama dubu 96. Rarar da nake taƙama da ita tsakanin ɗakin Bosso da nawa dubu 100 ce. Wato dai abin da na hana mai gida, na miƙa wa direbobi da hannuna. Wannan ma ban sa ranakun da ake kiranmu Gidan Kwano ba, inda sai na fara zuwa Bosso sannan in bi layin motar makaranta, in ratsa garin Minna daga wannan gefe zuwa wancan. Ranar da aka ce lakca ƙarfe takwas a can, da an sallame asuba nake fita.

Sai zafi ya shigo. Wanda bai yi Maris da Afrilu a Minna ba bai san zafi ba tukuna. Dutsen nan da ya burge ni yini yake yana shan rana, da daddare ya amayo min ita cikin ɗaki. Rijiyar gidanmu ta ja baya, sai an yi sammako ake samun bokiti biyu. Wuta kuma, duk da jiharmu ce mai madatsun Kainji da Shiroro da sabuwar ta Zungeru, layinmu na can ciki ya kan kwana biyu bai ga haske ba. Sai na koma kai kwamfuta caji shagon da ke bakin titi, wato dab da ɗakin da na raina.

Damina ce ta gama da ni. A watan Agusta na gane dalilin da ɗakina ya fi sauran ɗakunan gidan araha: shi ne a ƙasa, duk ruwan da ya sauko daga dutse ta bayansa yake bi. Wani dare na farka na ji katifa ta jiƙe. Na haska waya, ruwa ya kai idon sawu, takardun tambayoyin da na sha wahalar rabawa manoma, guda sittin da wani abu, suna yawo a kai. Saura kwana tara in gabatar da aikina a gaban malamai. Ina cikin tsamo su a duhu na ji wani abu ya soke ni a yatsan ƙafa kamar an sa min garwashi. Kunama ce, ita ma ruwan ne ya koro ta.

Ihun da na yi ne ya ta da gidan. Mai gidanmu dattijo ne Bagbagyi, manomin doya, kowa Baba yake ce masa. Kafin ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, don ni a zuwana ɗan birni ne mai karatu, ba ruwana da kowa. Ya fito da tocila cikin ruwan, ya duba ƙafar, ya ce, "Malam, kar ka ji tsoro, ba maciji ba ne." Ya tashi ɗansa ya fito da babur, suka sa ni a tsakiya, Baba a bayana yana riƙe da ni, muka bi taɓo har wani ƙaramin asibiti aka yi min allura. Da muka dawo na tarar matarsa da 'ya'yanta mata sun kwashe ruwan ɗakin, sun jera takarduna ɗaya bayan ɗaya a kan buhuna kusa da murhu. Guda bakwai ne kawai suka lalace. Mama ba ta iya karanta ko layi ɗaya a cikinsu ba, amma ta ga yadda nake lallaɓa su.

Da safe na je yin godiya, na ce, "Baba, ban san da wane baki zan gode maka ba." Ya ce, "Ɗana, laifina ne. Na san halin ɗakin nan, da ka tambaye ni da na faɗa maka. Dillalin ya ce kai ka nace." Gaskiya ya faɗa, ni na nace. A makon ya sa aka haƙa magudana a bayan ɗakin, ya kuma ba ni aron ɗakin ɗansa da ke sama har damina ta wuce. A gidan ne na daina cewa "Gwari", bayan ɗan nasa ya gaya min cikin raha cewa su Gbagyi suke kiran kansu. Manoma bakwai ɗin da takardunsu suka lalace kuwa, Baba da kansa ya raka ni wurin huɗu daga cikinsu, ya yi min tafinta. Abin da na kasa samu daga bakinsu a zuwan farko, ranar suka zazzage min shi.

Da haya ta ƙare a Janairun 2025 na sami ɗaki a Bosso, wani abokina zai tashi. Na kwana biyu ina juya abin a raina, ƙarshe na sabunta a gidan Baba, amma ɗakin sama. Ba don Maikunkele ta fi ba. Na gama kwasa-kwasai, zuwa makaranta ya koma sau ɗaya ko biyu a mako, aikina ya koma na gona da rubutu, lissafin ya juya ya goyi bayana. Kuma na riga na san wanda zai buga min ƙofa in ya ga ban fito ba.

To ku masu tambaya, ga abin da zan ce. In a shekarar kwasa-kwasai kake, musamman in darussanka a Gidan Kwano suke, kar arahar Maikunkele ta ruɗe ka, nemi abokin zama ku raba ɗaki kusa da makaranta. In ka shiga shekarar bincike kana neman natsuwa, wurin zai yi maka. Amma kafin ka biya ko sisi, haɗa kuɗin haya da kuɗin motar shekara, wannan jimillar ita ce hayarka ta gaskiya. Duba gindin bango ciki da waje, in ka ga zanen ruwa ko sabon fenti a ƙasa kawai, ka san labari. Tsaya a tsakiyar ɗakin ka kira gida, ka buɗe intanet. Tambayi matan gidan halin rijiya a watan Afrilu, su ne masu ɗiba, ba dillali ba. Ka koma wurin bayan magariba ka bi hanyar a ƙafa, ka ga ko za ka iya binta kai kaɗai. Ga 'yan uwa mata, wannan na ƙarshen ku ninka shi, kuma ku fifita gidan da iyali ke ciki. Sannan ka zauna da mai gidan da kansa ko na minti goma ne, ka tambaye shi aibin ɗakin kai tsaye.

Har yanzu bayan isha'i ina hawa dutsen, ko da yake ɗakin sama yana kama sabis. Umma ta saba, takan fara da, "Ya Baba da Mama?" kafin ta tambayi lafiyata. Da na je gida hutun Sallah Baba ya ɗaura min doya shida a buhu ya ce in kai mata, ita kuma ta aiko musu da kuka da daddawa.

Allah ya ba mu sa'ar abin da muka fito nema, ya haɗa kowa da maƙwabta na gari, ya mai da mu gida lafiya. Amin.