Takardun Bakin Ƙofar Coci

A bakin ƙofar zauren da ake shan kofi bayan sujada, a cocin Efiskofal da nake zuwa a wani ƙaramin gari na jihar Ohayo, akwai allo da aka maƙala wa takardu takwas. Kowace takarda an ja mata layuka, an rubuta ranakun wata a gefe, an ɗaure mata biro da zare. Ga ta masu karatun Littafi Mai Tsarki, ga ta masu tarbar mutane a ƙofa, ga ta masu kawo furannin bagade, ga ta masu kai tsofaffi asibiti a mota, har da ta masu wanke kofuna. A Lahadina ta uku wata dattijuwa mai furfura fat ta tare ni a gaban allon, ta tambaye ni ko na sa sunana a wani wuri. Na rusuna na ce, "Mama, ai ni naku ne, duk abin da ya taso a kira ni." Ta yi murmushi, ta ce in daina ce mata Mama, in kira ta da sunanta, sannan ta miƙo mini biro ta ce, "To, wace rana?"

Na rasa amsa. Ni a Wusasa na tashi, kusa da Zariya, inda mishan ɗin su Dokta Walter Miller suka koma wajen 1929 bayan sun bar cikin birni, suka gina cocin St. Bartholomew da ƙasa irin ginin magina Hausawa. A can ban taɓa ganin wanda ya rubuta sunansa kafin ya yi shara ba. Idan rufin ɗakin katikis ya yi yoyo, sanarwa ɗaya ce ranar Lahadi, Asabar kuwa sai ka ga matasa da fatanya da kwanon sarki, mata sun ɗora tukunya, an yi gayya an watse. Wanda bai zo ba, ba a rubuta ba, amma an sani. Maƙwabtanmu Musulmi ma haka suke yi da masallacin unguwa da gyaran maƙabarta kafin damina. Kunya ce rajistarmu, kuma ba ta ɓacewa.

Sujadar kanta ba ta ba ni wuya ba, domin uwa ɗaya ta haifi cocin biyu. Da Amurkawa suka raba gari da Ingila, 'yan Angilikan na nan suka shiga tsaka mai wuya, tunda duk wanda bishop-bishop na Ingila za su naɗa sai ya yi wa sarki rantsuwar biyayya. Shi ya sa Samuel Seabury ya zarce Sikotilan, aka naɗa shi bishop a Abadin a 1784, sannan a 1789 aka tsara cocin a Filadelfiya da sabon suna da nasa littafin addu'a. Wanda ake riƙewa yanzu bugun 1979 ne, littafin waƙoƙi kuma na 1982. Jerin abubuwa bai sauya sosai ba: karatu, zabura, bishara, wa'azi, furcin bangaskiya, addu'o'i, gaisuwar salama, Jibin Ubangiji. Ina iya rufe ido in san inda za a durƙusa. Sau da yawa suna amsawa da Turanci, ni kuwa bakina yana motsi da Hausar da na haddace tun ina ɗan aji uku.

Amma minti saba'in ne an gama. Ranar farko da na ga limamiya ta bi bayan gicciye ta nufi ƙofa, na ɗauka wani sashe aka kammala za a dawo. Wa'azi minti goma sha biyu, a rubuce, ba ɗaga murya, ba wanda ya ce amin sai a inda littafi ya ce a faɗa. Mu kusan sittin ne a ginin da zai ci mutum ɗari uku, yawanci masu furfura. Ba wannan ikkilisiya kaɗai ba ce: cocin da ya haura mutum miliyan 3 a shekarun 1960 yanzu ya ragu zuwa wajen miliyan ɗaya da rabi. Molon iska yana ruri, mawaƙa goma suna bin ƙa'ida daram, ni kuwa kunnena yana neman tulu da caki na Zumuntar Mata, da guɗar da wata tsohuwa kan saki ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Ba zan ɓoye ba, har yau wannan kewar ba ta sake ni ba. Sai dai na koyi son wani abu da ba mu da shi da yawa a gida: shirun da ake yi bayan wa'azi, minti guda cur, ba tari ba motsi.

Na ce limamiya, kuma na san wani mai karatu ya tsaya a nan. Tun 1976 babban taron cocin ya amince a naɗa mata, Barbara Harris ta zama bishop a 1989, Katharine Jefferts Schori kuma ta shugabanci cocin baki ɗaya daga 2006 zuwa 2015. Abin da ya fi wannan zafi shi ne naɗin Gene Robinson a 2003, bishop ɗin da a lokacin yake zaman soyayya da namiji ɗan'uwansa, wanda ya sa Cocin Najeriya a zamanin Akbishop Peter Akinola ya yanke zumunci da na Amurka. 'Yan gida da yawa a nan ba sa taka cocin Efiskofal saboda haka, sun gwammace su yi tuƙin awa guda zuwa ikkilisiyar da ke tare da Najeriya. Ni ba ni da mota a shekarata ta farko, wannan kuwa tafiyar minti goma ce a ƙafa. Haka na shiga, kuma ban zo nan don in raba wannan gardama ba.

Kuɗi ne ya fi buɗe mini ido. A gida baiko biki ne: a tashi layi-layi ana rawa zuwa gaba, ranar godiyar kaka kuma a shigo da dammunan dawa da akuya da kaji, a yi gwanjo, mai hali ya sayi zakara ninki goma a tafa masa. A nan, cikin watan Oktoba ake aiko wa kowane gida da kati, ka rubuta abin da ka yi alkawarin bayarwa a shekara mai zuwa, ka rufe a ambulan. Ma'aji da mutum ɗaya ko biyu ne kawai suka san adadin. Faranti yana wucewa ranar Lahadi kusan wayam, domin yawanci ta banki suke biya. Da waɗannan katuna majalisar ikkilisiya, wadda suke kira bestiri, take tsara kasafin shekara. A watan Janairu sai a kira taron kowa da kowa, a raba takarda mai ɗauke da albashin limamiya, da kuɗin gas na ɗumama gini, da na kwashe ƙanƙara daga farfajiya. Na ga wani tsoho ya miƙe ya tambayi dalilin da kuɗin na'urar buga takardu ya ƙaru, limamiya tana zaune, ma'aji ya ba shi amsa, ba wanda ya ga rashin ladabi. Ita kanta limamiyar, wannan majalisa ce ta yi cigiya, ta gana da masu nema, ta zaɓe ta, bishop ya sa albarka. A wurinmu bishop ke turo Rabaran, shi ke ɗauke shi, mu namu tarba da rakiya. Rawar baiko ta fi daɗi nesa ba kusa ba. Amma da za a ba ni zaɓi in aika abu ɗaya gida a cikin akwati, wannan takardar Janairu zan aika, kwafi biyu, ɗaya coci ɗaya kwamitin masallacin unguwarmu.

Daga ƙarshe na sa sunana a takardar rumbun abinci, Laraba da yamma, ƙarfe huɗu zuwa shida. Kafin a bar ni in taɓa ko gwangwani ɗaya sai da na cike fom, aka binciki ko ina da tarihin laifi, na zauna horon kare yara da masu rauni a kwamfuta. Raina ya ɗan sosu, ni da aka ba amanar makarantar Lahadi tun ina ɗan shekara goma sha bakwai don kawai an san gidanmu. Daga baya na lura har dattijuwar nan mai shekara tamanin tana sabunta nata.

Rumbun a ɗakin ƙarƙashin coci yake. Ana samo kayan daga babban bankin abinci na yankin da kantunan gari: taliya, shinkafa, wake a gwangwani, man gyaɗa na shafa wa burodi, madara, wani lokaci kaji daskararru. Mutane suna shigowa da jaka, su zagaya tebura su zaɓa kamar a kanti. Abu biyu kawai ake tambaya, yankin da kake zaune da yawan bakin da ke gidanka. Ba wa'azi, ba addu'a a kan kowa, ba gayyatar Lahadi. Kusan duk masu zuwa ba 'yan cocin ba ne, akwai Turawa masu aiki biyu da albashi bai kai su ƙarshen wata, akwai 'yan Meziko, akwai mata masu lulluɓi. Na lura matan nan suna juya gwangwani suna ƙoƙarin karanta abin da ke ciki, sai na fara ware masu naman alade gefe guda, in yi musu sallama in nuna musu. Yanzu aikina ke nan, har an ƙara masa layi a takarda. Muna tashi ƙarfe shida, ƙarfe bakwai kuma masu yaƙi da jarabar giya su shigo su jera kujeru a ɗakin, su ma ba a tambayar su ko su wane ne.

Nan na daɗe ina tunani. Alherinmu na gida yana da ido, ya san ɗan wane kake, ya san bara ka taimaki wane. Shi ya sa yake da ɗumi, shi ya sa kuma baƙon da ba shi da kowa a gari yakan kwana da yunwa a tsakiyar masu kirki, gwauruwar da ta karɓi mudun masara a gaban jama'a kuwa sai ta shekara tana sunkuyar da kai. Nasu makaho ne da gangan. Mai karɓa ba ya bin kowa godiya, mai bayarwa kuma ƙarfe shida na yi ya ɗauki makullin motarsa.

Inda makantar ta ƙona ni shi ne ranar da matar wani dattijo mai karatun Littafi Mai Tsarki a cocin ta rasu. Ina jin labari na sa riga na tafi gidansa, ban buga waya ba, wa ke neman izini kafin ya je gaisuwar mutuwa? Na zaci zan tarar da takalma a ƙofa. Babu mota ko ɗaya. Ya buɗe, ya tsaya riƙe da ƙofar yana dubana, ya yi godiya sosai, ya tambaya ko akwai abin da nake bukata. Na yi masa ta'aziyya a tsaye, na juya ina jin kamar na yi sata. A Wusasa da tuni an kafa rumfa, mata sun cika tsakar gida, ana waƙa har dare, mai makoki ba zai sami sararin zama shi kaɗai ba ko yana so. Da na ba mahaifiyata labari a waya, ta yi salati irin namu ta ce, "Shi kaɗai a gida da gawa ko binnewa ba a yi ba? Ɗana, ina ka kai kanka?"

Lahadi ta zagayo, sai ga takarda ta tara a allon, da sunan dattijon a sama. An ja layi talatin, kwana talatin, kowace rana gida ɗaya zai kai masa abincin dare. An rubuta cewa ba ya cin gishiri da yawa, a ajiye a akwatin da ke bakin ƙofa ƙarfe biyar da rabi. Kafin in gama shan kofi saura layi huɗu. Na tuna namu zaman makokin, yadda bayan kwana uku ko bakwai ake kwance rumfa, kowa ya kama gabansa, gidan ya yi tsit. Na ɗauki biron na sa sunana a rana ta ashirin da shida.

Dafa-duka na yi masa, na rage barkono har ta zama ba ta da suna. Na ajiye a akwati kamar yadda aka ce, amma hannuna ya ƙi bin doka, na danna ƙararrawa. Ya leƙo, ya gane ni. Ya ce shigo, sanyi ya yi yawa. Muka zauna a kicin ɗinsa kusan awa guda, ya ci cokali biyar yana shan ruwa, ya nuna mini hoton aurensu, ni kuma na nuna masa cocinmu na ƙasa a waya. Da zan tafi ya ce in sake zuwa. Na ce in Allah ya yarda. Ya jawo kalandar da ke jikin firij, ya cire murfin biro, ya tsaya yana jira.