Brondby: garin rijiya da ekip ɗinsa

Wanda ya sauka Kopanhag, babban birnin ƙasar Danmak, ya tambayi hanyar Brondby, ba wajen fadar sarki za a nuna masa ba, ba kuma wajen tsohuwar tashar jiragen ruwa inda baƙi suke tururuwar ɗaukar hoto ba. Yamma za a nuna masa. Zai shiga ƙaramin jirgin ƙasa na kewayen birni, kafin ya gyara zama sosai ya ga tsofaffin gine-gine sun ƙare, an shiga unguwannin ma'aikata: gidajen bene masu kama da juna, masana'antu, manyan hanyoyin mota, da filayen ciyawa. Tafiyar ba ta kai kilomita 15 ba. Wannan yanki shi ake kira Vestegnen, wato yankin yamma, kuma a cikinsa komin ɗin Brondby yake.

Sunan garin yana da ma'anar da kowane mai karatu zai gane: a harshen mutanen Danmak, brond rijiya ce, by kuwa gari. Asali ƙauyuka biyu ne na manoma, Brondby ta yamma da Brondby ta gabas, wato Brondbyvester da Brondbyoster, kowanne da tsohuwar majami'arsa mai shekaru ɗaruruwa. Bayan yaƙin duniya na biyu Kopanhag ta cika ta batse. A shekara ta 1947 masu tsara birane suka zana taswira mai siffar tafin hannu: tsohon birni shi ne tafin, sababbin unguwanni su bi layukan dogo kamar yatsu biyar, a bar fili tsakanin yatsa da yatsa. Da haka gonakin Brondby suka zama gidajen haya. Daga baya aka ƙara yanki na uku a bakin teku, Brondby Strand, mai dogayen benaye, inda iyalai da yawa ƴan asalin Turkiyya da Pakistan suka samu wurin zama. Akwai kuma wani abin kallo da aka shata a shekara ta 1964: ƙananan lambuna da aka jera da'ira-da'ira, waɗanda in an hango su daga jirgin sama sai a ce fayafayai ne aka shimfiɗa a kan ciyawa.

To amma ba lambu ya kai sunan Brondby Roma da Liverpool ba. Balo ce.

Kowane ƙauye cikin biyun nan yana da ƙungiyar wasanninsa, kuma babu wadda ta taɓa yin wani abin a zo a gani. Ran 3 ga watan Disamba na shekara ta 1964 suka haɗe suka zama ɗaya, aka raɗa mata suna Brondby IF, mai riga ruwan ɗorawa da wando shuɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shekara ɗaya bayan haka komin ya buɗe filin wasa, wanda a lokacin ciyawa ce kawai da hanyar masu tsere kewaye da ita. Sabuwar ekip ta fara daga can ƙasan matakala, tana karawa da ƙungiyoyin unguwanni.

Mutum biyu ne suka ɗora ta a kafaɗa. Na farko ma'aikacin jama'a ne, Kjeld Rasmussen, wanda ya riƙe kujerar magajin gari daga 1966 har 2005. Shi ya gane cewa garin da mazaunansa duk baƙi ne, kowa daga inda ya fito, yana bukatar abin da zai tara su wuri guda, sai ya sa ƙarfin komin a kan filaye da gine-ginen wasanni. Shi ya sa har hedkwatar hukumar balo ta ƙasar Danmak a Brondby take, dab da filin wasan. Na biyu likita ne, Per Bjerregaard, wanda ya buga wa ekip ɗin wasa, sa'an nan ya zama shugabanta a 1973, ya kuma yi kusan shekara 40 yana juya al'amuranta.

Domin a fahimci abin da suka yi, sai an san yadda balo take a Danmak a wancan zamani. Hukumar ƙasar ta daɗe tana ganin cewa karɓar kuɗi don wasa abin kunya ne. Har zuwa 1971, ɗan wasan da ya tafi waje yana cin albashi ba ya sa rigar ƙasa. Sai a 1978 aka yarda ƙungiyoyin gida su biya ƴan wasansu. Tsofaffin ekip-ekip na Kopanhag, masu tarihi da alfahari, suka karɓi sabon tsarin da sanyin jiki. Brondby, da ba ta da wani tarihin da za ta yi tinƙaho da shi, ta rungume shi hannu bibbiyu.

A 1982 ta shiga rukunin farko, kuma a wasanta na fari ta lallasa B 1909 da ci 7 da 1. Biyu daga cikin ƙwallayen wani yaro ne ɗan shekara 17 ya zura su, Michael Laudrup, wanda mahaifinsa Finn ya taɓa horar da ekip ɗin. Shekara ɗaya bayan haka Juventus ta Italiya ta saye shi kan kuɗi kusan dalar Amurka miliyan 1, abin da ba a taɓa biya ba a kan ɗan wasan wata ƙungiyar Danmak. Daga nan shugabannin Brondby suka ga hanya: a reni yaro, a sayar da shi da daraja, a zuba kuɗin a gida. A 1985 suka ci shampiyona ta ƙasa karo na farko, shekara 21 kacal da kafuwa. A 1986 suka zama ekip ta farko a Danmak da ƴan wasanta ba su da wata sana'a sai balo. A 1987 kuwa suka yi abin da Tottenham ta Ingila kaɗai ta riga su yi a duniya: suka kai ƙungiyar kasuwar hannun jari ta Kopanhag, kowa mai kuɗi ya iya sayen rabonsa, kamar yadda ake sayen hannun jarin banki ko masana'anta.

Da farko ciniki ya yi kyau. Aka ɗauko mai tsaron gida Peter Schmeichel daga maƙwabciya Hvidovre a 1987. Aka sake cin shampiyona a 1987, da 1988, da 1990, da 1991. A 1990 aka kawo ƴan Najeriya biyu, Uche Okechukwu da Friday Elahor. Uche shi ne wanda daga baya ya ci kofin Afirka na 1994 da zinariyar Olimpik ta 1996 tare da ƙasarsa. A kakar 1990 zuwa 1991, ƙarƙashin mai horarwa Morten Olsen, Brondby ta fitar da Eintracht Frankfurt da Bayer Leverkusen na Jamus daga kofin UEFA, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. An tashi babu ci da AS Roma a karon farko. A Roma ana kunnen doki 1 da 1, sakamakon da zai kai Brondby wasan ƙarshe, sai Rudi Völler ya jefa ƙwallo saura minti biyu a tashi.

Nan ne labarin ya juya, kuma ɗan kasuwa zai fi kowa gane yadda aka yi. Shugabannin ekip ɗin suka ƙudurta sayen banki sukutum, mai suna Interbank. Lissafinsu shi ne: in aka yi nasara a kofin zakarun Turai, darajar hannun jarin Brondby za ta hau, da wannan hauhawar za a biya kuɗin bankin, in kuma abin bai yiwu ba, babban kamfanin inshora Hafnia ya yi alkawarin karɓar cinikin. Wato an sayi kaya da ribar da ba ta shigo ba, an kuma dogara da mai lamuni guda. Ƙarshen 1991 Dynamo Kiev ta fitar da Brondby daga gasar, hannun jari bai hau ba. A 1992 Hafnia kanta ta durƙushe. Bankin ya faɗo a wuyan ekip ɗin, tare da bashin ɗaruruwan miliyoyin kuron, wato kuɗin ƙasar. Schmeichel ya riga ya tafi Manchester United a 1991 kan fam 505,000. Aka sallami Morten Olsen, ekip ta ƙare shekara a matsayi na bakwai, masu bin bashi suna bakin ƙofa.

Abin mamaki, a cikin wannan baƙar shekara ne ƴaƴan Brondby suka ba ƙasarsu farin cikin da ba ta taɓa samu ba. Danmak ba ta cancanci zuwa gasar ƙasashen Turai ta 1992 ba. An kira ta ne ana saura kwanaki kaɗan, bayan an hana Yugoslabiya shiga sabili da yaƙi. Kim Christofte na Brondby ya buga fenaritin da ya fitar da Holand. Ran 26 ga watan Yuni, a birnin Gotebog na ƙasar Suwed, Danmak ta doke Jamus 2 da nema, kuma waɗanda suka ci ƙwallayen, John Jensen da Kim Vilfort, dukansu albashin Brondby suke ci. Vilfort malamin makaranta ne ta fannin karatunsa, bai sake barin ekip ɗin ba har ya aje takalmi, shi ya sa magoya baya suke kiran filin wasan da sunansa, ko da yake ba haka aka rubuta a takarda ba.

An yi shekaru ana biyan bashi sannu a hankali. Mai horarwa Ebbe Skovdahl ya sake gina ekip da abin da ya samu a hannu. A 1995 suka je har Anfield suka fitar da Liverpool da ci 1 da nema, da kan Dan Eggen ɗan ƙasar Norwe. Suka ci shampiyona sau uku a jere, 1996, 1997 da 1998, suka kuma doke Bayern Munich 2 da 1 a gasar zakarun Turai ta 1998. A wannan shekara ƙungiyar ta sayi filin wasan daga hannun komin, ta faɗaɗa shi har ya iya ɗaukar mutum wajen 28,000. Michael Laudrup ya dawo gida a matsayin mai horarwa a 2002, ya haɗa shampiyona da kofin ƙasa a 2005.

Sai dai a tsakiyar birni an riga an koyi darasin Brondby. A 1992 tsofaffin ƙungiyoyi biyu, KB da aka kafa tun 1876 da B 1903, suka haɗa manyan ƴan wasansu suka kafa FC Kopanhag, suka zauna a Parken, filin wasan ƙasa. Karawar ekip biyun nan ta zama wasan da ya fi kowanne zafi a Danmak, domin ba balo kaɗai ake bugawa ba: birni ne da bayan gari, masu hali da ƴan ƙwadago, ko da yake a yau kowane ɓangare yana da attajiransa da talakawansa. Da tafiya ta yi tafiya, FC Kopanhag ta fi kuɗi, ta kuma zarce yawan kofuna. Brondby ta shiga fari na shekara 16. A 2013 ta sake leƙa ramin fatara, sai da aka fitar da sababbin hannayen jari, ɗan kasuwa Jan Bech Andersen ya zuba dukiyarsa, a fili kuma da ƙyar ta tsira daga faɗawa rukuni na biyu. Sai a watan Mayu na 2021, ƙarƙashin Niels Frederiksen, kofin shampiyona ya koma yankin yamma, karo na 11.

Baƙon da ya je filin ranar wasa zai ga inda ƙarfin ƙungiyar yake. Tun da hantsi jiragen ƙasa da motocin bis suke sauke jama'a cikin ruwan ɗorawa da shuɗi, uba riƙe da hannun ɗa, tsoho da jikarsa. Bayan raga ta kudu akwai wurin da ake kira Sydsiden, inda dubban mutane suke tsayuwa ƙafa da ƙafa, ba mai zama, ana kiɗa ana waƙa daga busar farko har ta ƙarshe, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Kirarin ekip ɗin shi ne samarin yankin yamma. Takenta kuwa, da aka rubuta da Latinanci, ma'anarsa ita ce babu wanda ya fi ƙungiya.

Wannan take ya sha jarrabawa a 2022, lokacin da kamfanin Global Football Holdings, na attajirin Amurka David Blitzer da abokansa, ya sayi fiye da rabin hannun jarin Brondby. Kamfanin yana da hannu a wasu ƙungiyoyi na ƙasashe dabam-dabam. Masu goyon bayan cinikin suka ce ba a yin gasa da FC Kopanhag da aljihu wofi. Waɗansu magoya baya na Sydsiden kuwa suka ƙaurace wa wurin tsayuwarsu, suna tsoron kada ekip ɗinsu ta zama rumbun da ake kiwon yara domin wata kasuwa. Kowa ya ci ladan kuturu, in ji Hausawa, dole ya yi masa aski.

Gardamar ba sabuwa ba ce, tun 1987 aka shuka ta. Ranar da aka kai Brondby kasuwa, ranar aka yarda cewa mai kuɗi yana iya sayenta, ko ɗan unguwa ne ko baƙo daga hayin teku. Kuɗin kasuwa ne ya ɗaga ekip ɗin ƙauyuka biyu ta kai ga doke Liverpool da Bayern, shi ne kuma ya kusa binne ta a 1992 da 2013. A takarda, masu hannun jari ke da Brondby IF. Amma komin ne ya shimfiɗa ciyawar farko a 1965, yaran unguwa ne suke cika ƙananan filayen da ke kewaye da babban filin kowace yamma, iyayensu ne kuma suke sayen tikiti a shekarar kofi da shekarar fari. Tsakanin waɗannan biyu, mai takarda da mai tikiti, ake ci gaba da jan igiya a garin rijiya.