Masaƙa A Ƙugu, Waya A Gefe

'Yan'uwana mata, yau tafiya za mu yi mai nisa, zuwa Sochistlawaka, garin ƙabilar Amuzgo a jihar Gerero ta ƙasar Meziko. Daga garin Ometepek muka shiga mota, muka yi ta hawa da gangara har muka isa.

A ƙofar wani gida na tarar da wata budurwa, dawowarta ke nan daga makaranta. Ta ɗaura masaƙa a ƙugunta, ɗaya bakin kuma a jikin bishiya. Kakarta na gefe tana kaɗin wata auduga mai ruwan ƙasa da suke kira koyuchi. Rigar da suke saƙawa sunanta wifil, mai ado takan ci watanni kafin a gama.

Abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya shi ne 'yan sari masu taya wahalar watanni da arha, ga kuma kayan inji sun cika kasuwa. Shi ya sa matan suka haɗa kai ƙungiya-ƙungiya. Ita kuwa budurwar, da wayarta take ɗaukar hoton rigar, ta yi ciniki da mai saye kai tsaye.

Harshensu ma ba su yar ba. A shekarar 2004 suka buɗe gidan rediyon kansu da ke magana da shi.

Wallahi sai na ji kunya ta kama ni, don ni ko mazarin kakata ban san inda yake ba. Ke fa, 'yar'uwa?