Takin Da Bai Huce Ba

Duk wanda ya taɓa cin abinci da ni a rumfunan bakin get ya san halina. Da an miƙo mini shinkafa da wake, salak ɗin nake fara turewa gefe, in yi ta juya shi da cokali kamar mai neman allura. Abokan ɗakina har suna suka laƙaba mini, wai Duba-gari. Ban taɓa gaya musu dalili ba. Tunda masu mujallar nan sun matsa sai na kawo rubutu, bari in faɗa yau, ko na huta da tsiyarsu.

Ni ɗan Birnin Gwari ne. Gonarmu ta gado tana can ta wajen dajin Kamuku, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a keke ba. Tun ina ƙarami na san yadda ake takinta. Da an gama kaka an kwashe masara da dawa, sai Ardo ya iso da shanunsa ya sauka a gonar. Shanu su ci kara, su kwana a nan, bayan 'yan kwanaki a matsa da turakun gaba, har sai an zagaye gonar. Baba ya ba shi damman dawa, matansa su riƙa aiko mana da nono. Daga nan kashin shanun ya zauna a fili, hunturu ya busar da shi, ranar bazara ta gasa shi, gara da buzuzu su yi nasu aikin. Sai wajen watan Mayu ruwa ya sauka a yi huɗa. Masarar kuma sai Satumba za a karya ta, a sussuke, a niƙa, a tuƙa tuwo a kan wuta. Ku lissafa da kanku: tsakanin ranar da saniya ta yi kashi da ranar da loma ta shiga baki, wata tara ne ko fiye, ga kuma tafasa a ƙarshe. Babu wanda ya taɓa ce mana wannan tazarar kariya ce. Mu dai mun ɗauka haka noma yake.

Sai daji ya ɓaci. Ba sai na tsaya ba ku labarin 'yan bindiga ba, kowa ya ji, wasunku ma sun fi ni sani. Ardo da kansa aka kore masa shanu, ya tattara iyalinsa ya bar yankin. Wasu maƙwabtanmu suka riƙa biyan kuɗi kafin a bar su su shiga gonakinsu. Baba ya ce shi ba zai sayi izinin noma gonar ubansa ba, ya jingine fartanya. Gidan da rumbu uku ke cika ya koma awo da mudu.

Inna ce ta ƙi zama. Ta sa muka share kangon da ke bayan ɗakinta, ta yi garka, ta shuka alayyafo da yakuwa da kuɓewa da tumatir, daga baya ta ƙara da salak saboda masu abincin sayarwa suna nema. A ɗaya kusurwar kuma ta zuba kajin gidan gona guda 50 da kuɗin adashinta. Takin zamani ya fi ƙarfinmu, ga kaji suna zubar da nasu kyauta kullum. A lokacin na gama sakandare ina zaman jiran shiga makaranta, kuma na ci darasin noma da kyau a jarrabawa, don haka na naɗa kaina injiniyan garka. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji Hausawa. Ni nawa ƙuƙumin har da kwaɗo.

Ɓarnar farko mai sauƙi ce. Na kwashe shimfiɗar ɗakin kaji, dusar katako da kashi, ɗanye shar, zarni na hawa ido, na zuba a gindin tumatir. Kwana uku ganyen ya ƙone ta gefe-gefe kamar an bi shi da ashana. Inna ta tsaya a kai ta riƙe haɓa.

"Kai ɗan nan, kashin kaji zafi gare shi. Ba a ba shuka shi sai ya huce."

"Inna, ai sinadarin ne ya yi yawa. Sirka shi za a yi."

"To, malamin gona. Allah Ya ba da sa'a."

Abin haushin shi ne rabin maganata gaskiya ce. Kashin kaji ya fi na shanu da na awaki ƙarfi nesa ba kusa ba, domin kaza ba ta fitsari daban, komai tare yake fita, kuma zarnin nan da ke hawa ido shi ne ke ƙona saiwa da ganye. Sai na yi dabara. Na samo tsohon duro, na zuba kashin, na cika da ruwa, na bar shi kwana biyu, na riƙa ɗiba da gwangwani ina yayyafa wa salak ta sama. Wallahi kun ga yadda ya yi kyau? Ganye fato-fato, kore shar, har maƙwabta na leƙowa ta katanga. Na riƙa tafiya ina ɗaga kafaɗa. Zafin da ido ke gani na kashe. Wanda ido ba ya gani kuwa, da hannuna na riƙa shafa shi a kan ganyen da za a ci ɗanye.

Wannan a ƙarshen 2021 ne, lokacin da gwamnatin jiha ta sa aka katse layukan waya a yankinmu, aka kuma hana hawa babur. Wata ranar Alhamis da yamma Inna ta yi mana kwaɗon salak da ƙuli-ƙuli da albasa. Ta wanke ganyen, na gani da idona, sau biyu ma. Mu huɗu muka ci: ni, da Inna, da ƙanena, da Auta, wadda shekarunta biyar a lokacin. Baba ya ce shi ba akuya ba ne, a kawo masa tuwonsa. Washegari da dare mu huɗun nan kowa na riƙe da ciki, Baba kuwa ko gezau.

Mu manya mun sha wuya, amma muna iya tashi. Auta ce abin ya kayar. Amai da gudawa ba tsayawa, jiki zafi rau. Inna ta haɗa ruwan gishiri da sukari tana ba ta da cokali, tana sha yana dawowa. Can wajen ƙarfe biyu na dare na haska fuskarta da tocila, na ga idanun sun faɗa ciki, leɓe ya bushe. Ta ce, "Yaya, ruwa," muryar kamar daga cikin rijiya. Babu waya da za a kira kowa. Babu babur. Kaduna kuwa, ko da rana tsaka mutum sai ya yi alwala ya yi sallama da iyalinsa kafin ya hau hanyar nan ta Buruku, balle da dare. Na goya ta da zanen Inna, Baba na gaba da tocila, ni ma cikina na murɗawa, muka taka har asibiti.

Leda uku ta ruwa aka ƙara mata kafin ta buɗe ido sosai. Da gari ya waye ma'aikaciyar jinyar ta tambayi abin da muka ci, da inda aka samo ganyen, da abin da ake zuba masa. Da na yi mata bayanin duron nan, har da ɗan alfaharina, sai ta ajiye biro ta dube ni.

"Ƙanena, kashi ka jiƙa ka zuba wa abinci. Ko an canza masa suna, kashi ne."

Baba bai ce mini komai ba, har yau. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Sai da na zo nan na fara karatun kimiyyar ɗakin gwaji na san sunayen abokan gabar. Salmonella da Campylobacter suna zaune lafiya lau a hanjin kaza, kazar na cin abincinta ba alamar ciwo. Shanu kuma suna ɗauke da wani nau'in E. coli da kan lalata ƙodar ƙananan yara. Ranar da muka yi firaktikal na farko a kan shuka ƙwayoyin cuta, muka ɗiga ruwan da ido ke gani garau a faranti, bayan kwana ɗaya ya fito da ɗigo-ɗigo ba iyaka. 'Yan ajinmu na ta ɗaukar hoto, ni kuwa duron nan nake gani. Wanki yana rage su, amma ganyen salak duk lungu ne da saƙo, ba ya fitar da su duka. Wuta ce ke kashe su, shi ya sa alayyafo da yakuwar da muka yi ta ci a miya daga garka ɗaya ba su taɓa yi mana komai ba.

Kuma kada wani ya ce wannan ciwon talakan Najeriya ne. A shekarar 2000, a wani ƙaramin gari na Kanada mai suna Walkerton, ruwan sama mai ƙarfi ya wanke kashin shanun da aka baza a wata gona ya shigar da shi rijiyar da garin ke sha. Mutum 7 suka mutu, sama da 2,000 suka kwanta. Da na karanta wannan sai da gabana ya faɗi, don tulin kashin kajinmu taku kaɗan ne tsakaninsa da rijiyar gidanmu, kuma ta sama yake. A Amurka, ƙa'idar masu noma ba da takin zamani ba ta ce idan ka zuba ɗanyen taki, sai ka jira kwana 120 kafin ka girbe abin da ke taɓa ƙasa, irin su salak da karas, ko kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa, irin masara. To salak wata ɗaya da 'yan kwanaki ne bayan dashe an fara tsinka. Ka ga ke nan shi da ɗanyen taki ba su da wurin haɗuwa. Abin da ya ba ni dariya, ya kuma ba ni haushi, shi ne Baba da Ardo, waɗanda ba su taɓa jin sunan wannan ƙa'ida ba, sun ninka ta sau biyu duk shekara. A gona lokaci da kansa yake zuwa. Da aka matse mu a bayan ɗaki, aka koma shukar wata ɗaya, sai ya zama dole mutum ya ƙirƙiri jiran da hannunsa, mu kuwa ba mu lura an ɗauke mana shi ba.

Hutun farko da na koma gida, ni da Inna muka sake tsari. Mun kwashe tulin daga wajen rijiya muka mai da shi can ƙarshen gida ta gangare. Kwando ɗaya na kashin kaji, kwando biyu na busasshen abu, ƙaiƙayi ko buntun shinkafa ko karan da aka daddatsa, hawa-hawa har tulin ya kai ƙugu, faɗinsa ma kamar haka. In ya yi ƙanƙanta ba ya ɗaukar zafi. A yayyafa ruwa ya yi laima kamar tsumman da aka matse, a rufe da tsofaffin buhuna. Bayan kwana uku zuwa huɗu cikinsa ya ɗau zafi. A littafi ana son ya kai digiri 55, ya kuma yi kwanaki a haka. Inna ba ta da ma'aunin zafi, sai muka soka guntun rodi a tsakiya. In ta zaro shi ta kasa riƙewa a tafin hannu, to aiki na tafiya. Duk mako a juya da shebur, na gefe ya koma ciki, don na gefen ba ya samun wutar. Wajen juyi na biyar zafin ya fara sauka, sai a ƙyale shi ya kwanta. Wata uku muke ba shi. In ya yi, za ka ga ya koma baƙi, yana marmashewa, ƙamshinsa irin na ƙasar da ruwan farko ya taɓa, babu zarni ko kaɗan.

Mun yi gardama a kan toka. Inna ta saba zuba toka a kan kashin kaji don ta kashe wari, ni kuma na koyo cewa toka tana kore sinadarin da ake nema ya bi iska. Mun rabu a kan ta riƙa zuba tokarta a ƙasar garka daban. Kashin awaki da tumaki bai kai na kaji zafi ba, amma shi ma tulin yake shiga. Na kare da na kyanwa ba ya shiga sam. Idan kuma kaji suka fara mutuwa ba dalili, shimfiɗarsu rami ake haƙa mata, domin murar tsuntsaye ba baƙuwa ba ce a jiharmu, a Jaji aka fara tabbatar da ita a Najeriya a 2006. Duron kuwa Inna ta huda gindinsa ta shuka zogale a ciki.

Na san a cikinku akwai masu kiwon kaji a gida, akwai waɗanda darasin sana'a ya sa suka fara, suna kuma sayar wa masu lambun bakin kogin Kaduna kashin a buhu. Ban ce ku daina ba, kuɗi ne mai kyau. Amma in mai lambu ya zo saye, ku gaya masa na yaushe ne. Salak ɗinsa a rumfar bakin get zai ƙare, a farantin wani da kuka sani.

A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je garinmu aka sake buɗe kasuwar kara bayan shekaru tana rufe. Shanu sun dawo, kashinsu ma ya dawo, yara na turo shi a baro suna talla unguwa-unguwa. Baba ya je ya dubo gonar sau biyu. Ya ce sabara ta cinye ta, kuma bai ga wanda ya san inda Ardo yake ba. Bai dai ce zai koma ba tukuna.

Hutun da ya wuce ina zaune a tsakar gida wani yaro ya yi sallama da baronsa. Kafin Inna ta fito, Auta, wadda yanzu ta isa aike, ta riga ta je ta tsaya a kansa. Ta sa tsinke ta tona, ta sunkuya ta shinshina, ta yamutsa fuska.

"Inna, ɗanye ne. A kai shi bayan gida ko ya koma da abinsa?"

Inna ta ce a rage masa naira ɗari, ya tura shi can wajen rodi.