Murjanin Khaddamari

Duk wanda ya halarci biki a Khaddamari, hedkwatar ƙaramar hukumar Jere da ke kusa da Maiduguri, ba zai rasa ganin jan murjani a wuyan matan Barebari da na Shuwa ba. Murjanin nan ƙashin wata 'yar halitta ne da ke ƙarƙashin Bahar Rum, wadda kan yi shekaru masu yawa kafin ta kai kaurin ɗan yatsa. A zamanin Shehunan Kukawa, fatake ne ke ɗauko shi daga Tarabulus, su biyo ta Bilma.

Tsami yana cin sa, gumi da humra kuma suna dusashe shi. Wadda ke son 'yarta ta gaje shi da haskensa, sai ta riƙa goge shi da ƙyalle mai laushi bayan biki, ta adana shi nesa da turare.